Harajin kuɗin shiga a sabuwar doka: wa aka sauƙaƙa wa, wa zai ɗauki nauyin?

A watannin ƙarshe na 2024 da wuya a tashi daga majalisar hira a Kano ko Kaduna ko Maiduguri ba a taɓo maganar ƙudirorin haraji ba. Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya aika wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa ƙudirori huɗu a farkon Oktoban shekarar, bayan aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta tun 2023, kuma kafin watan ya ƙare gwamnonin Arewa da sarakunan yankin sun taru a Kaduna sun ce ba su amince da sabon tsarin rabon harajin VAT ba, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya. Kwanaki kaɗan bayan haka Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima yake jagoranta, ta ba da shawarar a janye ƙudirorin a faɗaɗa tuntuɓa, amma shugaban ƙasa bai janye ba. Gwamna Babagana Zulum na Borno da Sanata Ali Ndume sun fito fili sun soki lamarin, malamai suka ɗauki batun gado a kan mumbari, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU kuma ta tsaya kai da fata a kan makomar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

An kai ga sasantawa a farkon 2025. Maimakon kashi 60 cikin 100 na kason jihohi ya bi inda aka samo kuɗin, kamar yadda ƙudirin farko ya nema, aka tsaya a kan kashi 50 a raba daidai wa daida, kashi 30 bisa inda aka sayi kaya, kashi 20 bisa yawan jama'a. An bar VAT a kashi 7.5 cikin 100, an gyara sashen da ake tsoron zai taɓa dukiyar gado, TETFund kuma ya tsira. Shugaban ƙasa ya sa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, dokar haraji ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta sauya suna zuwa NRS. Daga nan ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa kamar an gama magana.

A ganina mun kashe ƙarfinmu gaba ɗaya a kan rabon abin da aka riga aka tara, muka bar ɓangaren dokar da yake shiga aljihun mutum kai tsaye, wato harajin kuɗin shiga. Rabon VAT rigima ce tsakanin gwamnoni. Harajin kuɗin shiga shi ne wanda malamin makaranta yake gani a takardar albashinsa kowane ƙarshen wata, kuma shi ne wanda nan gaba kaɗan mai shago a Kantin Kwari da dillalin hatsi a Dawanau za su fara jin ana tambayarsu a kansa. Saboda haka ya kamata a zauna a duba shi da natsuwa, da alƙalami da takarda.

Abu na farko da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne yadda aka raba iko a kan wannan haraji. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa yin doka a kan harajin kuɗin shiga da riba a hannun Majalisar Dokoki ta Ƙasa kaɗai, don haka babu majalisar jihar da za ta iya canza adadin da ake cira ko matakan da ake bi. Amma karɓar harajin daga ɗaiɗaikun mutane aikin hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da mutum yake zaune ne, kuma kuɗin na jihar ne, ba ya shiga asusun tarayya. Wasu rukunoni kaɗan ne aka ware, kamar 'yan sanda da ma'aikatan harkokin waje, sai mazauna Abuja da suke da tasu hukumar. Harajin ribar kamfanoni kuwa hukumar tarayya ce take karɓa, ya shiga asusun tarayya, a raba shi kowane wata tare da kuɗin mai. Wannan tsari ya samo asali tun daga shawarwarin kwamitin rabon kuɗi na Raisman na 1958 da dokar 1961 da ta biyo baya. Ma'anarsa a yau ita ce, idan Abuja ta yi wa ma'aikaci rangwame, daga tukunyar jiha aka ɗebo, kuma idan ana son a cike giɓin, jami'in jiha ne zai buga ƙofar mutum.

Tsohon jadawalin da aka yi aiki da shi daga gyaran 2011 yana da matakai shida: kashi 7 cikin 100 a kan naira 300,000 na farko, kashi 11 a kan 300,000 na biyu, kashi 15 a kan 500,000 da ke biye, kashi 19 a kan wani 500,000, kashi 21 a kan miliyan 1.6, sannan kashi 24 a kan duk abin da ya haura miliyan 3.2. Kafin a ɗora wannan jadawali ana cire wa kowa wani rangwame na bai ɗaya, naira 200,000 (ko kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsa idan ya fi haka) haɗe da kashi 20 cikin 100 na kuɗin shigarsa. Saboda wannan rangwame, ko mai albashin da ya fi kowa girma ba ya biyan fiye da kusan kashi 19 cikin 100 na abin da yake samu, duk da cewa a rubuce kashi 24 ne.

Sabuwar doka ta soke rangwamen bai ɗaya, ta zo da sabbin matakai. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 a wata, ba ya biyan komai. Yana da kyau a fahimci cewa matakan a jere suke aiki, kowane mataki yana cin abin da ya faɗo cikinsa ne kawai. Mai samun miliyan 4 ba a cire masa kashi 18 daga dukan miliyan huɗun, sai daga miliyan ɗayan da ya haura uku.

Jadawali ba ya faɗin komai sai an ɗora shi a kan mutum, don haka bari mu ɗauki ma'aikata huɗu, mu ƙaddara cewa ana cire wa kowannensu kashi 8 cikin 100 na albashinsa gaba ɗaya a matsayin kuɗin fansho, babu wani ciri bayan wannan. Na farko yana karɓar naira 80,000 a wata, wato 960,000 a shekara. A tsohon tsari harajinsa na shekara ya kai kusan naira 43,700, a sabon tsari ya sauko zuwa 12,480. Ya samu sauƙin kusan naira 2,600 a wata, kuma ga mai irin wannan albashi wannan kuɗi ne da ake gani, kuɗin mudun shinkafa ne ko kuɗin motar 'yan kwanaki. Na biyu yana karɓar naira 150,000 a wata. A da yana biyan kusan 133,700 a shekara, yanzu 128,400, bambancin bai kai naira 450 a wata ba, kuɗin da ba zai sayi litar fetur ɗaya ba. Na uku mai naira 500,000 a wata ya sauko daga kusan 803,800 zuwa 783,600, sauƙin da bai kai naira 1,700 a wata ba. Na huɗu mai miliyan 3 a wata shi ne ya ga ƙari, daga kusan miliyan 6.07 zuwa miliyan 6.55 a shekara.

Wannan lissafi ya nuna gaskiyar gwamnati ta wani gefen, ya kuma nuna iyakar gaskiyar. Na ƙasa can ya samu sauƙi na haƙiƙa, na sama can an ƙara masa, kuma ban ga abin suka a wannan alkibla ba, domin a ƙasar da tazara tsakanin mai shi da mara shi ta kai inda ta kai, babu hujjar da za ta sa manajan banki ya biya ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar na abin da yake samu. Amma ma'aikacin da ke tsakiya, malamin sakandare da ma'aikaciyar jinya da ƙaramin jami'in ofis, waɗanda su ne ƙashin bayan masu biyan wannan haraji a jihohin Arewa, kusan inda suke suka tsaya. Dalilin kuwa a bayyane yake: an ba su 800,000 kyauta da hannun dama, aka karɓe rangwamen kashi 20 da hannun hagu, sannan matakin farko da suke faɗawa ya tashi daga kashi 7 zuwa kashi 15. Wanda aka yi wa shelar cewa harajinsa zai ragu, ya duba takardar albashin Janairu ya ga ragin naira ɗari huɗu da 'yan kai, ba za a ga laifinsa ba idan ya ce an yi masa romon baka.

Abin da doka ta tanada don wannan rukuni shi ne jerin abubuwan da za a cire kafin a lissafa haraji: kuɗin fansho, kuɗin asusun gidaje na ƙasa, kuɗin inshorar lafiya, inshorar rai, kuɗin ruwa a kan bashin gina gidan da mutum yake zaune a ciki, da sabon rangwamen haya, wanda shi ne kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, matuƙar bai wuce naira 500,000 ba. Ma'aikacinmu na biyu, idan yana biyan hayar naira 300,000 a shekara, za a cire masa 60,000 daga abin da ake yi wa haraji, harajinsa ya koma 119,400, sauƙinsa ya kai kusan naira 1,200 a wata.

A nan ne nake ganin waɗanda suka tsara jerin sun yi tunanin ma'aikacin Legas ko Abuja fiye da na Azare ko Gumel. Ma'aikaci da yawa a garuruwanmu a gidan gado yake zaune, ko a sashen da ya gina a cikin gidan mahaifinsa, don haka ba shi da hayar da zai nuna, alhali shi ne yake gyaran rufi idan damina ta zo, shi ne yake ciyar da iyaye da ƙanne da marayun ɗan'uwa. Tsohon rangwamen bai ɗaya yana samun irin wannan mutum ba tare da ya cike takarda ko ɗaya ba, sabon kuwa ya wuce shi. Wanda yake haya ma sau da yawa da baki aka ƙulla, ana miƙa wa mai gida kuɗi hannu da hannu a zaure, babu rasidi, kuma mai gidan da ya ji cewa rasidin zai kai sunansa gaban hukumar haraji ba zai yi saurin rubutawa ba. Rangwamen kuɗin ruwa na bashin gida shi ma bai shafi mutumin da yake gudun riba saboda addininsa ba, wanda yake gina gidansa bulo bayan bulo daga adashi tsawon shekara goma. Inshorar rai kuma ba ta samu karɓuwa sosai a cikinmu ba. Zakka, wadda ita ce babban abin da mai hali yake fitarwa daga dukiyarsa kowace shekara, ba ta cikin jerin, alhali ƙasa kamar Malesiya tana rage wa Musulmi harajinsa gwargwadon zakkar da ya biya ta hannun hukuma. Da wakilanmu sun ba wannan jeri rabin hankalin da suka ba VAT, da an samu abin da zai taɓa gidaje fiye da yadda kason gwamna zai taɓa su.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma, kuma ita ce ta kashe tsohuwar doka a tsaye. Lokacin da aka tsara matakan 2011, mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, dala kuma tana wajen naira 155, don haka miliyan 3.2 da ake fara cire kashi 24 a kansa ya kai darajar dala dubu ashirin, kuɗin manyan ma'aikata ne. Aka bar alƙaluman nan shekara goma sha huɗu ba a taɓa su ba, mafi ƙarancin albashi ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024, an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, an saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A ƙarshe miliyan 3.2 bai fi dala dubu biyu da 'yan kai ba, matsakaicin ma'aikaci ya tsinci kansa a matakin da aka tanada don attajirai, ba don ya ƙara arziki ba, sai don kuɗin ya rage daraja. Gwamnati ta ƙara haraji shekara bayan shekara ba tare da majalisa ta kaɗa ƙuri'a ko sau ɗaya ba.

Sabuwar doka ta ɗaga alƙaluman, amma ta sake kafe su a wuri ɗaya, ba su tafiya da farashin kaya. Amurka ta magance wannan tun 1985, inda matakan harajin tarayya suke gyaruwa kowace shekara bisa hauhawar farashi ba tare da an koma majalisa ba. A Najeriya, naira 800,000 da ake tutiya da su ba su ma kai mafi ƙarancin albashi na shekara ba, wanda ya kama 840,000. Dokar albashi ta 2024 ta ce a riƙa sake duba mafi ƙarancin albashi duk shekara uku, wato zagaye na gaba 2027 ne. Idan aka ɗaga albashi a lokacin, aka bar 800,000 inda yake, wanda ya haura mafi ƙarancin albashi da kaɗan zai ga babban ɓangaren abin da yake samu ya faɗa cikin kashi 15, sauƙin da ma'aikacinmu na farko ya samu yau zai narke a hankali kamar yadda na 2011 ya narke. Layi ɗaya a cikin doka zai iya toshe wannan ƙofa, kuma ban ga gyaran da ya fi shi cancantar a nema ba.

Sai batun aljihun jihohi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna jihohi da Abuja sun tara kusan naira tiriliyan 2.4 a matsayin kuɗin shiga na cikin gida, Legas kaɗai ta tara sama da biliyan 800, yayin da Taraba da Yobe da Kebbi kowacce ba ta kai biliyan 12 ba. Mafi girman kaso na wannan kuɗi daga harajin albashi yake fitowa. To amma albashin wa? A Legas da Ribas da Abuja akwai ma'aikatan bankuna da kamfanonin sadarwa da na mai, waɗanda sabuwar doka ta ƙara wa haraji. A yawancin jihohin Arewa masu biyan harajin su ne ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi da malaman firamare, waɗanda doka ta yafe wa ko ta rage wa. Ke nan jadawali ɗaya zai ƙara wa jihar da take da shi, ya rage wa wadda ba ta da shi, kuma wannan sauyi ya faru ba tare da wani taron gwamnoni ya yi ƙorafi a kansa ba. Gaskiya ne an ɗaga kason jihohi a VAT daga kashi 50 zuwa 55, gwamnatin tarayya ta sauko daga 15 zuwa 10, kuma rabon wata-wata daga asusun tarayya ya kumbura tun bayan cire tallafin mai, don haka babu jihar da za ta durƙushe saboda wannan. Amma hakan yana nufin jihohinmu za su ƙara dogaro da abin da ake aiko musu daga Abuja, kuma gwamnan da ba ya rayuwa da harajin mutanensa ba shi da abin da zai tilasta masa sauraronsu.

Hanya ɗaya ce ta rage wa jihar da take son ƙara abin da take tarawa, ita ce ta juya ga waɗanda ba su da takardar albashi. Binciken hukumar ƙididdiga ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya sana'ar kansu suke yi ko suna aiki a inda babu rajista: manoma, 'yan tireda, masu Adaidaita Sahu, teloli, mahauta, dillalai. A cikinsu akwai talaka wanda abin da yake samu bai kai 800,000 ba, doka kuma ta yafe masa. Akwai kuma ɗan kasuwar da yake juya ɗaruruwan miliyoyi a atamfa ko riɗi ko shanu, wanda harajin kuɗin shigar da yake biya bai kai na shugaban makarantar firamaren unguwarsu ba. Adalci yana buƙatar a kai ga na biyun, kuma doka ta ba da dama a yi wa wanda ba shi da littafin ciniki ƙiyasi, a yanka masa adadi bisa irin sana'arsa da girmanta. Haɗarin yana cikin kalmar ƙiyasi, domin jami'in da aka ba adadin da zai kawo a ƙarshen wata ya san cewa babban ɗan kasuwa yana da lambar wayar kwamishina, mai shayi kuwa ba shi da kowa.

Mutumin Arewa yana da dogon tarihi da wannan kalma ta haraji, kuma ba tarihi mai daɗi ba ne. Tun kafin zuwan Turawa akwai kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi, kuma zaluncin da ake yi wajen karɓarsu yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa a kai. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya haɗa waɗannan kuɗaɗe ta dokokin 1904 da 1906, ya bar karɓarsu a hannun hakimi da dagaci da mai unguwa, rabi ya tafi baitulmali, rabi ga gwamnatin Turawa. Dattawa har yau suna ba da labarin magidancin da yake sayar da akuyarsa ko hatsin cinsa don ya karɓi takardar haraji, da wanda yake barin gari idan lokacin biya ya zo, da Bafulatanin da yake kora shanunsa daji don gudun ƙidaya. Wannan ƙunci yana cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU da Malam Aminu Kano farin jini, shi ya sa soke haraji da jangali da Abubakar Rimi ya yi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna bayan hawansu mulki a 1979 ya zauna a zukatan talakawa har yanzu. Duk jami'in da zai shiga kasuwar ƙauye da littafin ƙiyasi a hannu, ya sani cewa a kan wannan tabo yake taka ƙafa.

Kuma ɗan kasuwar nan ba zaune yake ba ya biyan komai, kamar yadda ake yawan faɗa a tarukan Abuja. Yana biyan tikitin kasuwa kullum, da kuɗin shago, da kuɗin allon talla, da kuɗin shara, da kuɗin ƙungiya. Direban da ya ɗauko shanu daga Potiskum ko Maigatari zuwa Legas yana tsayawa a shinge bayan shinge, kowane shinge da masu sanda da tasu takardar, kuma wannan yana cikin koke-koken da fataken abinci da dabbobi suka yi lokacin da suka dakatar da kai kaya Kudu a farkon 2021. Shi kansa Oyedele ya sha faɗin cewa haraji da kuɗaɗen da hukuma ta san da su sun haura 60, burin kwamitinsa kuma a mayar da su ƙasa da goma. Sai dai yawancin waɗannan na jihohi da ƙananan hukumomi ne, dokar tarayya ba za ta share su da kanta ba, sai majalisun jihohi sun yi nasu aikin. Idan aka kawo ƙiyasin harajin kuɗin shiga aka ɗora a kan tikiti da shinge ba tare da an cire su ba, abin da mai sana'a zai gani shi ne an ƙara masa mai karɓa na goma sha ɗaya a kan goman da yake fama da su.

Ɓangaren kamfanoni ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Harajin riba yana nan a kashi 30 cikin 100, an faɗaɗa rukunin ƙananan kamfanonin da aka yafe wa fiye da tsohuwar iyakar cinikin naira miliyan 25, an haɗe kuɗaɗen ilimi da fasaha da sauransu a wuri ɗaya na kashi 4, manyan kamfanoni kuma dole abin da suke biya ya kai aƙalla kashi 15 na ribarsu komai rangwamen da suka samu. Abin lura ga ɗan kasuwar Arewa shi ne yafewar ta kamfani ce mai rajista. Wanda yake ciniki da sunansa, kamar yadda mafi yawanmu suke yi, a jadawalin ɗaiɗaikun mutane za a auna ribarsa.

Tsoron da ya fi yaɗuwa gab da fara aiki da dokar shi ne cewa gwamnati za ta riƙa cire haraji daga duk kuɗin da ya shiga asusun banki. Doka ba ta ce haka ba. Haraji a kan kuɗin shiga yake, wato albashi ko riba, kuma kyauta ko bashi ko kuɗin da ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa daga Saudiyya ba kuɗin shiga ba ne. Abin da yake gaskiya shi ne lambar NIN ta zama lambar harajin mutum, bankuna za su riƙa ba hukuma bayanin asusun da manyan kuɗi suke wucewa ta cikinsa, kuma rashin gabatar da bayanin kuɗin shiga na shekara yana da tarar naira 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata bayansa. Wannan ya shafi irin kasuwancinmu ta wata fuska da ya kamata a kula da ita. Dillalin da ake turo wa miliyan hamsin ya sayi masara a Dawanau, ladansa bai fi dubu ɗari biyu ba, amma asusunsa zai nuna miliyan hamsin, kuma ranar da aka tambaye shi, amanar baki da aka saba da ita ba za ta zama hujja ba. Ƙaramin littafi da yake rubuta kuɗin wa ya shigo da abin da aka saya da shi zai fi masa amfani fiye da komawa ajiye kuɗi a gida.

Duk wannan yana buƙatar mutane su yarda cewa dokar da ake karanta musu ita ce dokar da wakilansu suka zartar, kuma a nan aka yi tuntuɓe tun kafin a fara tafiya. A Disambar 2025 Abdussamad Dasuki, ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Kebbe da Tambuwal a jihar Sakkwato, ya tashi a zauren majalisa ya ce rubutun da aka buga a jaridar gwamnati ya saɓa da wanda majalisa ta amince da shi. Majalisa ta kafa kwamiti, shugabanninta suka ba da umarnin a sake buga dokokin, shugaban ƙasa kuma ya ce ranar 1 ga Janairu tana nan daram. Ko da wane irin bayani aka yi daga baya, abin ya bar tambaya a ran duk wanda za a kai gaban kotun ƙararrakin haraji ko ofishin sauraron koken masu biyan haraji da sabuwar doka ta ƙirƙiro, domin hujjarsa ta farko ita ce rubutun doka, kuma rubutun ne aka yi jayayya a kansa.

Gwamnati tana kafa hujja da cewa harajin da Najeriya take tarawa bai kai kashi 11 cikin 100 na arzikin da ƙasa take samarwa ba, bisa ƙididdigar 2021, tana son ya kai 18, kuma ƙasar da kuɗin ruwan bashi yake cinye babban kaso na kuɗin shigarta ba ta da zaɓi sai ta tara daga cikin gida. Na yarda da wannan hujja. Abin da nake jira in gani yana majalisun dokokin Kano da Katsina da Bauchi da sauransu: ko za su soke tikiti da shinge kafin su fara ƙiyasi, ko za su buga jadawalin ƙiyasin da Hausa a manna a ƙofar kasuwa yadda mai tireda zai san abin da ke kansa kafin jami'i ya iso, ko hukumominsu za su karɓi shaidar mai unguwa a madadin rasidin haya, da kuma ko 'yan majalisar tarayya daga Arewa za su kawo ƙudirin ɗaure naira 800,000 da farashin kaya kafin a zauna teburin albashi a 2027.